Gidan kifin zebra na asali: fadamun Ganjis, gonakin shinkafa da ruwan damina

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin da ake kiwon kifin zebra don bincike ya san fasalin wurin. Ƙananan tankunan roba ne jere a kan kanta, ruwa garau ana tace shi dare da rana, zafinsa a tsaye cak kan digiri 28.5, fitila ta yi awa 14 a kunne ta yi awa 10 a kashe, babu laka babu ciyawa. Da yawan masu aiki da kifin sun ɗauka haka jikinsa yake so. Gaskiyar magana, an tsayar da waɗannan alƙaluma ne don aiki ya zo da sauƙi, ƙwai ya riƙa girma da sauri iri ɗaya a kowane ɗakin bincike na duniya. Inda kifin ya fito kuwa, ruwa ne marar zurfi a Kudancin Asiya, wanda yake cika ya batse da damina, ya janye ya bar kududdufai da rani, ya yi zafi da tsakar rana ya huce da asuba. A ganina wanda bai san wannan ruwan ba zai riƙa yi wa halayen kifin fassarar da ba ita ba ce.

Sunansa na kimiyya Danio rerio, ɗan ƙaramin kifin ruwan daɗi ne daga dangin kifin kaf, an laƙaba masa sunan jakin dawa saboda zanen shuɗi da ya ratsa jikinsa daga bayan kai har wutsiya. Francis Hamilton, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Indiya, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1822 cikin littafinsa kan kifayen kogin Ganjis da rassansa. Kalmar Danio kanta daga harshen Bangali take, daga "dhani", wato abin da ya shafi gonar shinkafa. Mutanen wurin sun riga masu bincike sanin inda ake samunsa.

Cibiyar yaɗuwarsa ita ce shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da kogunan Ganjis da Barahmaputra suke malalewa a cikinta: arewaci da arewa maso gabashin Indiya, musamman jihohin Bihar, Bengal ta Yamma, Assam da Meghalaya, sai Bangaladash, sai kudancin Nepal inda ƙasa ta sauko daga tsaunukan Himalaya ta zama fili. Ana samunsa a Butan, kuma ta yamma ya taɓa yankin kogin Indus a Pakistan. Ta kudu ya gangara jihar Odisha, akwai shi kuma a ƙoramun tsaunukan Ghats na Yamma a jihohin Karnataka da Kerala, irin yankin Wayanad da ruwansa ke zuba a kogin Kaveri. Wannan faɗin ƙasa ba ƙarami ba ne, kuma kifayen kudu da na arewa sun daɗe a rabe, har ana ganin bambancin a ƙwayoyin gadonsu.

Sai dai taswirar da ake gani a littattafai tana da tarko, kuma nan ne ya kamata a yi taka-tsantsan. Tsofaffin rahotanni sun sa ƙasar Miyanma cikin mazauninsa. Daga baya da masana suka duba kifayen can da kyau, sai aka ga 'yan uwansa ne masu kama da shi, irin Danio kyathit da aka bayyana a 1998 da Danio quagga da aka bayyana a 2009. Tsaunukan da suka raba Indiya da Miyanma sun raba ruwan Barahmaputra da na Irrawaddy, kowane ɓangare da nasa kifayen. Tarko na biyu na suna ne: shekaru da dama ana kiransa Brachydanio rerio, don haka wanda ya nemi tsofaffin bayanai da sunan yanzu kaɗai zai rasa da yawa. Na uku, akwai mai ɗige-ɗige kamar damisa da aka taɓa ɗauka wani nau'i ne daban, ashe kifin zebra ne da ƙwayar gado ɗaya ta sauya masa zane. Sannan akwai wuraren da aka gan shi a Amurka, kamar Florida da Kaliforniya, da kuma Kolombiya. Waɗannan daga hannun masu kiwon kifin ado suka kuɓuce, ba a lissafa su cikin mazauninsa na asali.

Irin ruwan da yake so

Idan aka ce kifin Ganjis ne, kada mutum ya hango tsakiyar babban kogi. Da wuya a same shi a can. Wurinsa gefe ne: bakin ƙorama inda ruwa ya rage gudu, lambatun ban-ruwa da ya haɗa gona da rafi, kududdufi, fadamar da ambaliya ta cika, da tafkunan da kogi ya bari bayan ya sauya hanya, waɗanda mutanen Bangaladash da Assam suke kira "bil". Zurfin ruwan sau da yawa bai wuce gwiwa ba. Ƙasansa laka ce mai laushi, a ƙoramun kan tudu kuma yashi da tsakuwa. Akwai ciyawa a ciki ko a baki tana leƙowa, amma sama a buɗe take rana na dukan ruwan. Game da haske, ana samunsa a ruwan da ake hango ƙasansa, ana kuma samunsa a wanda idan aka tura hannu ciki ba za a ƙara ganin yatsu ba.

Zafin ruwan shi ya fi ba mutane mamaki. Yawancin wuraren da aka auna suna tsakanin digiri 16.5 da 34. An samu kifin lafiya lau a ruwa mai digiri 12.3 a wani wuri mai tsayin mita 1,576 daga doron teku, an kuma same shi a ruwan da ya kai digiri 38.6. Tazarar sama da digiri 26 ke nan. Kuma ba sai an jira sauyin yanayi ba, a yini guda ruwa mai zurfin taƙi ɗaya yana iya hawa da sauka da digiri da dama tsakanin asuba da azahar. Ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, yakan kama daga wajen 6 zuwa sama da 8. Gishirin da ya narke a ciki kuwa, a wurare da dama da aka auna da damina, ya yi ƙasa sosai da abin da ake zubawa a tankunan bincike, domin ruwan sama ne ya tsinka shi.

Iskar shaƙa ma haka take. Ruwan da ya kwanta da ciyawa a ciki yana cika da iskar oksijin da rana saboda tsirrai na aiki, da dare kuma tsirrai da ƙwayoyin laka su zuƙe ta, kafin gari ya waye ta yi ƙasa ƙwarai. Kifin da kakanninsa suka rayu a haka dole ya iya jure ƙarancin iska, kuma lallai kifin zebra yana jurewa, musamman yana ɗan tayi.

Shekararsa damina ce take juya ta. Daga watan Yuni zuwa Satumba ruwan sama yana sauka da ƙarfi, koguna su tumbatsa su haɗe da fadamu da gonaki. Manyan kifayen da suka yi rani a ƙoramu da tafkuna sai su bi sabon ruwan su shiga gonakin shinkafa da ciyayin da ruwa ya shanye, a can suke zuba ƙwai. Dalilin a fili yake: ruwan ɗumi ne, cike da ƙananan halittun da jariri zai ci, kuma ya yi wa manyan kifaye masu farauta kaɗan. 'Ya'yan suna girma da sauri a watanni ukun farko. Da ruwa ya fara janyewa sai su bi lambatu su koma inda ba ya ƙafewa. Waɗanda suka makara a kududdufin da hanyarsa ta yanke, tsuntsaye da rana ne suke gamawa da su. Shi ya sa a daji da wuya kifin ya kai shekara biyu, alhali a tanki yana yin shekara uku da rabi, wani ma ya haura biyar. Na dajin kuma ƙanana ne, yawanci wajen santimita biyu da rabi ba tare da wutsiya ba, na tanki kuwa yana kai santimita huɗu.

Yadda yake zuba ƙwai ma daga wannan ruwan ya samo shi. Da fitowar hasken safiya ake yi, cikin sa'ar farko. Namiji ya kori mace zuwa wuri marar zurfi a bakin ruwa, ta saki ƙwai kaɗan-kaɗan, shi kuma ya barbare su. Faɗin ƙwan wajen milimita 0.7 ne, ba ya manne wa komai, nutsewa yake ya shige tsakanin tsakuwa ko saiwar ciyawa. Iyayen ba sa gadi, hasali ma idan suka ga ƙwan cinye shi suke. Wannan ne ya sa a ɗakin bincike ake sa raga a ƙasan tankin aure don ƙwai ya faɗa ta ciki, kuma ya sa tankin da aka karkatar, gefe ɗaya ya zama kamar gaɓa, ya fi ba da ƙwai. Kwaikwayon bakin fadama ake yi, ko an sani ko ba a sani ba. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana biyu zuwa uku, jaririn ya fara neman abinci wajen kwana na biyar.

Abincinsa ƙananan halittun da ke yawo a ruwa ne, da tsutsar sauro da ta sauran ƙwari, da ƙwarin da suka faɗo daga ciyawa, haɗe da ɗan gansakuka. Bakinsa ya ɗan kalli sama, alamar mai tsintar abin da ke saman ruwa. Masu cinsa kuma suna da yawa: kifin Channa mai kai irin na maciji, da Xenentodon mai dogon baki kamar allura, da Notopterus mai farautar dare, da wasu dangin tarwaɗa. Daga sama akwai zalɓe da sauran tsuntsaye masu kamun kifi. Jarirai kuma tsutsar mazari ce babbar abokiyar gabarsu. Idan aka ga kifi a tanki ya nutse ƙasa ya daskare saboda inuwar hannu ta gifta ta samansa, zalɓe yake gudu. Idan kuma aka ji wa ɗaya rauni a fata sauran suka firgice, wani sinadari ne da fatar ke saki, wanda 'yan uwansa suke sansana su gane akwai haɗari. Saboda haka ba a mayar da ruwa ko komar kamun kifi daga tankin da aka yanki kifi zuwa tankin da ake gwajin ɗabi'a.

Ga mai son nemo shi a inda yake

Abu na farko takarda ce. A Indiya, dokar kare halittu ta 2002 ta wajabta wa baƙo samun izini daga hukumar ƙasa mai kula da wannan fanni, wadda ke birnin Chennai, kafin ya ɗebi wata halitta don bincike ko ya fitar da ita. Kifin ba ya cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu, amma wannan bai ɗauke wa kowa neman izini ba. Ga kuma mai gona, wanda ruwan nasa ne kuma shukarsa za a taka.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan damina ta ja baya, daga Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ruwa ya ragu, kifayen suka taru a lambatu da bakin tafki, hanya kuma ta buɗe. A tsakiyar damina sun watsu cikin ruwa mai faɗin gaske, sai a wuni ba a kama goma ba, a yi zaton babu su. Wannan kuskure ne da yake ɓata rahotanni: rashin kama kifi a ziyara ɗaya ba hujja ba ce ta cewa ba ya wurin.

Da an isa, a fara aune-aune kafin kowa ya sa ƙafa a ruwa, domin taku ɗaya yana tayar da laka ya sauya hasken ruwan da iskar da ke ciki. A auna zafi, pH, gishiri, oksijin, zurfi da gudun ruwa a daidai inda aka hango kifin, a rubuta ƙarfe nawa ne. Awon da ba a rubuta lokacinsa ba amfaninsa kaɗan ne a ruwa irin wannan, gara a auna sau biyu, da asuba da kuma bayan azahar. Sannan a zauna shiru na ɗan lokaci a kalli garken. A ruwan da ya kwanta sukan yi ƙananan garke, ƙasa da ashirin, a ruwa mai gudu kuwa an ga garke na ɗaruruwa. Kamun kansa ana yinsa da taru mai ƙananan ido, milimita biyu zuwa uku, mutum biyu su ja shi a hankali zuwa gaɓa, ƙasansa na shafar laka. Idan ƙasan tarun ya ɗaga ko kaɗan, ta nan za su sulale. Cikin ciyawa mai kauri kuma koma ta hannu ta fi.

Tantancewa a yi ta kifin na raye, don launinsa yana dushewa da zarar ya mutu. Alamar da ba ta ruɗi ita ce zanen ya zarce har cikin wutsiya da fiffiken ƙasa na kusa da ita, ga gashin baki guda huɗu, biyu gajeru biyu masu ɗan tsawo. Namiji siriri ne mai ruwan zinariya tsakanin zanen, mace mai tumbi ce mai ruwan azurfa. Wanda ya fi shiga taru tare da shi shi ne Esomus, amma shi zane ɗaya gare shi da gashin baki dogo ƙwarai. Devario ya fi shi girma da faɗin jiki. Aplocheilus kuma yana da ɗigo mai ƙyalli a tsakiyar kai, yana lafe a saman ruwa. A ɗauki hoton kifin a ɗan akwatin gilashi, a yanki ɗan ƙaramin gefen wutsiya a sa a barasar gwaji mai ƙarfin kashi 95 don binciken ƙwayoyin gado, a rubuta lambar wurin da fensir a jefa cikin kwalbar, domin tawada narkewa take.

Wajen ɗauko su da rai ne aka fi yin asara. A hana su abinci kwana ɗaya kafin tafiya don kada su ɓata ruwan. Leda ta zama kashi ɗaya ruwa, kashi biyu oksijin, a ajiye ta a duhu cikin akwati mai riƙe sanyi. Haɗarin yana lokacin buɗewa: a cikin leda, iskar da kifin ya fitar ta sa ruwan ya yi tsami, tsamin kuma ya danne dafin ammoniya, wato dattin da jikin kifin ke fitarwa cikin ruwa. Da an buɗe iskar ta fice, pH ya hau, ammoniyar ta zama guba nan take. Don haka a daidaita zafi leda na rufe, da an buɗe kuma a kwashe kifin zuwa sabon ruwa ba tare da jinkiri ba. A rufe tankin sosai don na daji tsalle suke, a kuma lulluɓe gefunansa na 'yan kwanaki har su natsu. Kada a taɓa haɗa su da kifayen ɗakin bincike. Suna ɗauke da tsutsar ciki da ƙwayoyin cuta, sai a killace su a ɗaki daban da kayan aikinsu daban, ƙwansu kaɗai za a shigar bayan an wanke shi da ruwan bilic mai rauni. Wankin ma ba ya kashe cutar da ke cikin ƙwan, bayansa kawai yake tsabtacewa, don haka zuriyar farko ma a ci gaba da sa mata ido.

Me ya sa za a sha duk wannan wahala alhali ga kifi a tanki? Saboda na tankin ya yi nisa da kakanninsa. George Streisinger na Jami'ar Oregon a Amurka, wanda aikinsa na 1981 ya buɗe wa kifin ƙofar binciken gado, daga shagon sayar da kifin ado ya samo nasa, daga nan zuriyar AB ta fito. Zuriyar Tübingen ta Jamus, wadda Christiane Nüsslein-Volhard da abokan aikinta suka yi babban bincikensu na 1996 da ita, kuma wadda aka karanta ƙwayoyin gadonta aka wallafa a 2013, ita ma daga kasuwar kifin ado take. Tun daga lokacin ake ta aurar da dangi da dangi, ana zaɓen masu yawan ƙwai da rashin tsoro. Garke ɗaya a lambatun Bengal yana iya fin zuriyar tanki gaba ɗaya bambancin ƙwayoyin gado.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na jinsi. Shekaru masana suna neman abin da ke sa kifin zebra ya zama namiji ko mace, abin ya ƙi fitowa sarai, ana ta samun tankin da kusan duk maza ne ko duk mata. A 2014 aka nuna cewa zuriyoyin da ba su daɗe da barin daji ba, irin Nadia da aka ɗebo daga gundumar Nadia ta Bengal ta Yamma da WIK mai ɗauke da sunan Kolkata, suna da wani yanki a ƙarshen kuromosom na 4, ɗaya daga cikin zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, da ke da babban tasiri kan jinsi, kuma mace ce take ɗauke da kala biyu na wannan yanki. AB da Tübingen sun rasa wannan tsari a hannun masu kiwo. A wurinsu ƙwayoyin gado da dama ne suke haɗuwa su yanke hukunci, yanayi kuma ya sa baki: zafi mai yawa, cunkoso, ƙarancin abinci da ƙarancin oksijin duk suna karkatar da 'ya'ya zuwa maza. An kuma gwada na daji da na tanki a zafi daban-daban, aka ga na tankin, bayan zuriyoyi masu yawa a digiri 28, ya rage iya daidaita jikinsa da sauyin zafi.

Wannan bai nuna a zuba laka a tankin bincike ba. Tsayayyen yanayi shi ke sa a iya maimaita gwaji, kuma wanda yake ƙidayar matakan girman ɗan tayi dole ya tsaya kan digiri 28.5, tunda da shi aka tsara jadawalin. Amma mai gwajin tsoro, ko zaman garke, ko juriyar zafi, ko tasirin maganin ƙwari, ya wajaba ya rubuta zuriyar da ya yi aiki da ita, kuma kada ya ɗora sakamakonsa a kan kifin fadama kai tsaye. Akwai kuma gyare-gyare masu sauƙi da suka dace da asalin kifin: fitila ta riƙa haske a hankali kamar wayewar gari maimakon ta kunnu farat ɗaya, a sa ciyawar roba da za a iya wankewa, a manna hoton tsakuwa a ƙarƙashin tanki, a riƙa ba su abinci mai rai suna farauta, kuma kada a ware kifi shi kaɗai fiye da yadda gwajin ya tilasta.

Su kuwa fadamun na can suna canzawa. Ana cike kududdufai a yi gini, ana shafe lambatu da siminti, maganin feshi na gangarowa daga gona zuwa ruwan da 'ya'yan kifin ke girma, wasu tafkunan kuma ana kwashe ƙananan kifayen cikinsu don a zuba na kiwo. Kifin yana da yawa har yanzu, amma garken da ke wata ƙorama a Wayanad ko a gindin tsaunukan Meghalaya yana ɗauke da ƙwayoyin gadon da babu su a kowane tanki. Duk wanda ya je ɗiba ya ɗauki adadin da aikinsa ke buƙata, ya mayar da sauran abin da taru ya kamo cikin ruwan tun suna da ƙarfi, ya kuma ajiye lambar wurin da awonsa inda mai zuwa bayan shekara goma zai same su ya kwatanta.